Taku Nawa Baba Ke Yi

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa na bar ku a rataye tun Talata, ku yi haƙuri, hannuna ne ya ƙi rubuta wannan shafin. Ke kuma da kika ce in daina zagin ƙanena Stanko, karanta ki gani, sai ki faɗa min wanda ya cancanci zagi a gidanmu.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe na ture kofin gahawa gefe, na baje fom ɗin ɗaukaka ƙara a teburin kicin. Shafi shida ne, kuma ranar ce ta ƙarshe. Ƙarfe biyu ofishin cikin gari zai rufe. In kwamitin likitoci ya yarda Baba ba ya iya tafiya, za a rubuta ni a matsayin mai kula da shi, in bar aikina na Vienna in zauna gida. In suka sake ƙi kamar yadda suka ƙi a karon farko, babu sauran dabara, gidan tsofaffi za a kai shi.

Baba na zaune a kujerarsa kusa da murhu. Ya sa na aske masa gemu, ya sa farar riga har da maɓallin wuya. Saboda takarda fa! Radoje ke nan, in gwamnati za ta ji sunansa sai ya yi kwalliya, ko da ba ganinsa za ta yi ba.

Na ce, "Tambaya ta bakwai. Kana iya tashi daga kujera ba tare da an kama ka ba?"

"Ina iyawa."

"Baba."

"Na ce ina iyawa. Rubuta."

"Wa ya ɗaga ka yau da safe?"

"Ke kika cika garaje. Da kin bar ni da na tashi."

"Yaushe? Bayan Ista?"

Ya yi tsaki, ya juya fuska wajen taga. Na sa alama a kan a'a.

"Kana iya hawa matakala?"

"Gidan nan bene ne? Ina ruwansu."

"Matakala uku ne a ƙofar gida, rabonka da su tun kaka."

"Sanyi ake yi, me zan fita in yi?"

Na sake sa a'a. Yana jin ƙarar biron, kowace alama sai na ga muƙamuƙinsa ya motsa.

"Kana iya zuwa banɗaki da kanka?"

Itacen murhu kawai ke ƙara. Bokitin yana ƙarƙashin gadonsa, ni na wanke shi da asuba, shi ya sani, ni na sani.

Can ya ce, "Wannan ki tsallake."

"Ba a tsallakewa. In aka bar gurbi ɗaya dawo da takardar suke yi."

"Milanka, matar da ke karɓar takardu a ofishin nan surukar maƙwabcinmu Obrad ce. Kafin yamma duk ƙauyen nan ya ji Radoje a bokiti yake yi."

"Su ji mana! Su za su kwashe maka?"

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ya dube ni, na kasa haɗa ido da shi. Allah na gani ban so na ci masa fuska ba, amma shekara goma sha ɗaya ina wanke tsofaffin wasu a ƙasar wasu, na cika irin wannan fom ya fi a ƙirga. Na san wanda ya ɓoye ciwonsa a takarda, takardar ce ke binne shi.

"Tambaya ta goma sha biyu. Taku nawa kake iya yi kai kaɗai, ba sanda, ba mai riƙe ka?"

"Rubuta ɗari."

"Ɗari!"

"To hamsin."

"Ciniki muke yi? Kasuwar shanu ce nan?"

"Ni dai ba za a rubuta min sifili ba ina raye."

Na bar gurbin fayau na wuce, na ce ma dawo kansa. Shafin ƙarshe shi ne mai wuyar. Sun ce a rubuta ranar da jami'arsu ta zo gida dubawa, sannan a faɗi dalilin da ya sa ba a yarda da abin da ta gani ba. Na jawo wasiƙar da suka aiko ta ƙin amincewa. Na karanta ta ya fi sau goma tun da na dawo, amma kullum layi ɗaya idona ke tsayawa a kai: "An same shi tsaye a ƙofar falo yana tarbar baƙi, yana miƙa musu abin sha da hannunsa. Minti arba'in aka yi bai zauna ba."

Ni duk zatona matar ƙarya ta shirga, ko gidan wani ta shiga. Mutumin da ko juyawa a gado sai an taimaka masa? Har na shirya kalaman da zan wanke ta da su.

Sai na sauke ido ƙasa don in kwafi kwanan wata.

Ashirin da ɗaya ga Nuwamba.

Ranar slavar gidanmu ke nan, bikin Mala'ika Mika'ilu, wanda gidanmu ke yi tun kakan kakanmu. Bara ban samu hutu ba, ta waya na yi musu barka. A ƙarƙashin kwanan watan kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: "Iyali ne suka zaɓi ranar."

"Baba, ranar slava matar nan ta zo?"

"Ƙofa a buɗe take ranar slava. Wanda ya zo ya zo."

"Ka tsaya da gaske?"

"Maigida ba ya zama kyandir na ci. Yau kika fara ji?"

Ba yau na fara ji ba. Tun ina ƙarama, daga an kunna kyandir an yanka burodin biki, Baba ba ya sake ɗora jikinsa a kujera sai baƙon ƙarshe ya fita. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake zuba wa mutane barasar gida da muke kira rakiya. Amma wancan Baban mai ƙafa ne.

"Da wace ƙafar ka tsaya?"

Daidai nan na ji tsayuwar mota a waje. Stanko ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga takalminsa, burodi biyu a hammata.

"Yaya, kin gama? Sha biyu ta wuce fa, hanya kuma da santsi."

Na miƙa masa wasiƙar, na ɗora yatsa a kan layin. "Karanta min nan."

Ya duba. Kunnuwansa suka yi ja, irin yadda suke yi tun yana yaro in ya saci zuma.

"Wane iyali ne ya zaɓi ranar, Stanko? Ni ina Vienna. Mama na kabari. Wa ya rage?"

"Yaya, ba yanzu ba."

"Yanzu! An buga maka waya an ce wace rana za a zo, duk kwanakin Allah ka rasa wadda za ka ba su sai ranar da ka san zai ƙi zama?"

"Ki bari mu kai takardar tukuna."

"Ta yaya ma ya tsaya? Faɗa min!"

Ya ajiye burodin. Bai dube ni ba, bai dubi Baba ba. Ƙofar falo ya duba.

Na bi idonsa. A jikin katakon ƙofar, daidai tsayin ƙugun mutum, akwai wata ƙugiyar ƙarfe mai kauri. Da na dawo na gan ta, na ɗauka ta rataye kaya ce. Sati uku ina rataye tsumman goge kwano a kanta.

Na je na cire tsumman. Sabuwa ce, an ɗaure ta da kusoshi huɗu manya, irin waɗanda ake sa wa ƙofar garke.

"Mene ne wannan?"

Muryar Stanko ta yi ƙasa. "Ɗamarar fatar nan ta shanun huɗa, wadda ke rataye a rumbu. Ita na zagaya masa a ƙirji, ƙarƙashin kwat. Na tsaga bayan kwat ɗin na fito da zoben, na maƙala a nan."

"Ka rataye shi."

"Na tallafe shi."

"Ka rataye ubanka a ƙofa kamar naman da za a shanya!"

"Babu wanda ya gane, Yaya. Tebur na ajiye a gabansa, kwalba da kofuna a kai. Kowa ya shigo ya sumbace shi, ya karɓi kofi, ya wuce ciki."

"Awa nawa?"

Ya kau da kai.

"Na ce awa nawa?"

"Daga tara na safe zuwa shida."

Sai na tuna baƙin tabon nan da ya zagaye haƙarƙarin Baba, wanda nake gani duk lokacin da nake masa wanka. Na tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi a bakin gado. Wace irin faɗuwa ce ke zagaye mutum? Ni da nake taƙama da sanin jikin tsofaffi, na yarda, don na fi son in yarda.

"Kafin slava, da rana yana zuwa banɗaki da sanda," na ce. "Da bakinka ka faɗa min a waya. Bayan slava fa?"

Stanko ya sunkuyar da kai. "Tun daga ranar bai sake tsayuwa ba."

Ban san lokacin da na kai masa mari ba. Ƙato ɗan shekara arba'in da bakwai, ya tsaya ya karɓa, ko hannu bai ɗaga ba.

"Na gane," na ce. "A takardar farko sunanka aka rubuta a matsayin mai kula da shi. Da sun amince, shi ke nan an ɗaure ka da shi. Shi ya sa ka kira matar ta zo ta gan shi tsaye, a ƙi, a kai shi gidan tsofaffi, kai ka huta. Ƙarya na yi?"

"Shekara uku!" Ya ɗaga murya a karon farko. "Shekara uku nake tasowa daga gari kullum kafin in tafi aiki, in ɗaga shi, in wanke shi, in dawo da yamma in sake. Ke kina ina? Kina turo mana magani a kwali da hoton furanni a waya!"

"Aiki nake yi!"

"Ni wasa nake yi? Likita ya ce bayana ya goce. Kin taɓa tambayata?"

"Shi ne za ka sayar da shi da..."

Baba ya buga tafin hannunsa a kan hannun kujera. Ba da ƙarfi ba, amma duk muka yi tsit.

"Ki rabu da yaron nan. Ni na sa shi."

Na juyo. "Me ka ce?"

"Ni na ce ya ba su ranar. Ya ƙi, ya yi kuka a nan inda kike tsaye. Na ce in bai yi ba kada ya zo jana'izata. Ƙugiyar ma ni na nuna masa inda zai kafa."

"Don me, Baba?"

"Ko ta zo ko ba ta zo ba, tsayuwa zan yi. Ubana ya tsaya da harsashi a cinya. Ba a kaina za a fara zama ba. Sai na ce to, tunda tsayuwar ta zama dole, ta zo ta gani, a yi ta ta ƙare."

"Da ka miƙa wa Stanko slavar mana! Ka ba shi burodi da kyandir a gaban mutane, ya zama maigida, kai ka zauna. Haka kowa ke yi in ya tsufa."

"In miƙa masa slava, in miƙa masa bokiti, duk a shekara ɗaya?" Ya girgiza kai. "Na ji shi a bayan rumbu yana amai, kullum in ya zubar. Yana tsammanin kunnena ma ya mutu."

Stanko ya juya mana baya, ya dafa bango.

Baba ya ci gaba, a hankali. "Na ɗauka in sun ƙi an gama. Ban san za ki kwaso jaka ki taho ba. Ɗana, ji nan." Haka yake ce min in zuciyarsa ta yi laushi, ɗana, kamar yadda iyaye ke ce wa 'ya'yansu mata a nan. "Kin ba tsofaffin wasu shekara goma sha ɗaya. Saura shekara huɗu ki samu fansho a can. Ki zo nan ki ƙarasa tsufa a kan bokitina? A gidan tsofaffi wadda za ta wanke ni ba ta san ni ba. Ba ta taɓa ganina ina huɗa ba. Ya fi min sauƙi."

"Ni na san gidajen nan, Baba, a cikinsu nake aiki. Masu irin zuciyarka wata shida suke yi."

"To wata shida."

Na dubi agogon bango. Ɗaya saura kwata. Daga ƙauyenmu zuwa ofishin minti arba'in ne in hanya na da kyau. Na zauna, na ja fom ɗin, na rubuta a gurbin dalili da manyan baƙaƙe: an ɗaure shi ne da ɗamara a jikin ƙofa, saboda al'adar slava, ba da ƙafarsa ya tsaya ba. Na karanta masa da ƙarfi. Na miƙa masa biro.

"Sa hannu."

"Ba zan sa ba."

"In babu hannunka takardar banza ce."

"Na sani."

"Baba, don girman Allah."

"Mutum sittin suka sumbace ni a ƙofar nan. Obrad ya ce, Radoje, kai ƙarfe ne. Yanzu surukarsa ta karanta cewa a rataye nake? Ki yaga abin nan. Ina iya tafiya, na faɗa miki."

Girman kai rawanin tsiya! Nan fa raina ya gama ɓaci, idona ya rufe. Abin da na faɗa bayan nan, har in mutu ba zan daina jin sa a kunnena ba. Baki shi ke yanka wuya.

Na ce, "Kana iya tafiya? To bismilla. Ga ƙugiyarka can, taku shida ne daga kujerarka. Ka je ka taɓa ta kai kaɗai. In ka taɓa, da hannuna zan jefa fom ɗin nan a murhu, gobe in hau bas in koma Vienna. In ka kasa, ka sa hannu."

Stanko ya juyo da sauri. "Yaya, kin haukace?"

Na ɗauka Baba zai yi tsaki ne ya kau da kai, kamar yadda ya saba. Na ɗauka zai ga babu mafita ya karɓi biron. Shekara hamsin da biyu ina 'yarsa, ashe ban san shi ba.

Ya gyara maɓallin wuyansa. Ya dafa hannuwan kujerar.

"Baba, wasa nake yi. Zauna."

"Kin faɗa a gaban ɗan'uwanki. Magana ta fita."

"Na janye!"

"Ni ban janye ba. Stanko, in ka taɓa ni ban yafe ba. Ke kuma ki ƙirga da ƙarfi, tunda gwamnati lissafi take so."

Ya yunƙura sau ɗaya, ya koma. Ya sake. A na uku ya miƙe. Jijiyoyin wuyansa suka fito, fuskarsa ta yi fari kamar rigar da ke jikinsa. Na manta tsawonsa. Wata biyu yana naɗe a kujera, na manta kansa na kusa taɓa fitila.

Ya saki kujerar.

"Ƙirga!"

Ya ja ƙafar dama.

"Ɗaya," na ce. Muryata ba tawa ba ce.

Ya ja ta hagu. Silifas ɗinsa ya zame ya bar shi a baya, bai kula ba.

"Biyu. Baba, ya isa, na gani, kana iyawa."

Bai ko dube ni ba. Idonsa na kan ƙugiyar. Stanko na binsa a baya da hannuwa a buɗe, yana kuka kamar yaro, bai isa ya taɓa shi ba.

"Uku."

Ya ɗaga ƙafa zai yi na huɗu. Na ji wata ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen reshe.

Stanko ya kai hannu, rigar kawai ya kama. Maɓallan suka watse a ƙasa. Baba ya zube ta gefe, kansa ya daki ƙafar tebur.

Na yi ihu na durƙusa a kansa. Ƙafarsa ta hagu ta juya waje, yadda ƙafar mutum ba ta juyawa. Stanko na laluben waya a aljihu, tana faɗuwa yana ɗauka. Baba bai yi ko nishi ba. Idonsa a buɗe, yana kallon silin. Baƙin tabon ɗamarar nan ya fito fili a ƙirjinsa.

Leɓensa ya motsa. Na kai kunnena.

"Nawa kika ƙirga?"

"Baba, yi shiru, motar asibiti na zuwa."

"Nawa?"

"Uku."

Ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro masa ta gefe ya shiga kunne. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Mama.

"To rubuta uku, ɗana. Kawo in sa hannu."

Na jawo fom ɗin daga kan tebur, na rubuta uku a gurbin da na bari. Na ɗora takardar a kan tiren gahawa, na kai kusa da shi. Agogo ya buga ɗaya. Na sa masa biron a hannun dama, na matse yatsunsa a kai.

Ina sakin hannun, biron ya faɗi.

Na ɗauka na sake sa masa. Ya sake faɗuwa.

"Riƙe mana, Baba. Sunanka kawai."

Ya dube ni, gefen bakinsa na dama ya zube ƙasa, irin na mai shanyewar ɓarin jiki.

"Milanka," ya ce, harshensa na nauyi, "ai na riƙe. Ba ki gani ba?"